Fatsar babban kifi: yadda ake zaɓen ta da yadda ake adana ta

Idan damina ta kankama, Gulbin Maraɗi yakan kawo ruwa. Daga ƙasar Katsina yake tasowa. Ya shigo Nijar ta kudu, ya ratsa ƙasar Madarunfa, ya wuce Jiratawa da Maraɗi da Tibiri, ya bi ta Gidan Rumji, sa'an nan ya koma Najeriya. Watanni kaɗan yake gudu a shekara. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya, wajen shekarar 1990, zuwan ruwan ya sake hali. Da kaka gulbi yakan janye, ya bar gurabu da kududdufai. Tabkin Madarunfa kuwa, wanda ke kudu da Maraɗi, shi ne babban wurin su na wannan jiha. A cikin waɗannan ruwaye akwai karfasa da tarwaɗa da gaiwa.

Manoma da yawa suna taɓa su bayan aikin gona. Kifi ɗaya babba yana gyara miyar gida. In an kai shi kasuwa, kuɗinsa ya sayi hatsi ko maganin yaro. Amma kowane mai fatsa yana da labarin babban kifin da ya kuɓuce masa. Ya yini a bakin ruwa, kifi ya kama, ya ja, sai zare ya ce tas! Kifi ya tafi, ƙugiya ta tafi, yini ya tafi.

Ƴan uwa, sau da yawa ba ƙarfin kifi ba ne. Rauni ne a jikin fatsa. Wuri huɗu raunin yake ɓuya: ƙugiya, zare, ƙulli, da abin naɗe zare. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Zaɓen ƙugiya

Ƙugiya iri-iri ce, kowace da lambarta a jikin kwali. A irin wadda aka fi sayarwa a kasuwanninmu, in lamba ta yi yawa, ƙugiya ƙarama ce. In lamba ta ragu, ƙugiya babba ce. Wato lamba 6 ta fi lamba 14 girma. Karfasa bakinta ƙarami ne, sai ƙaramar ƙugiya. Tarwaɗa bakinta da faɗi, sai babba mai kauri.

Kafin ka biya kuɗi, yi gwaji biyu. Na fari, ɗora tsinin ƙugiya bisa farcen babban yatsanka, ka ja a hankali. In ta kama farce, tana da kaifi. In ta sulɓe, dakusassa ce. Na biyu, matsa ta da ƙarfi. Ƙugiyar kirki ba ta buɗewa da sauƙi. Wadda ta miƙe a hannunka, za ta miƙe a bakin kifi. Araha ba ta ado.

Kada ka sa ƴar ƙaramar ƙugiya don neman yawa. Ƴaƴan kifi za ka kwashe, kuma ɗan kifin bana shi ne babban kifin baɗi.

Zaɓen zare

Zaren lailon ma yana da lamba a jikin kwarkwaronsa. Lambar tana nuna kaurinsa. Sau da yawa kuma ana rubuta kilo nawa yake ɗauka. Zare mai lamba 0,30 yana ɗaukar wajen kilo 6. Mai lamba 0,50 yana ɗaukar wajen kilo 15. Mai lamba 0,70 yana kai wa kilo 25. Ƙarfin yakan ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Siririn zare na karfasa ne. Mai neman babbar tarwaɗa ya fara daga 0,50 zuwa sama.

Rubutu kan yi ƙarya wani lokaci, musamman a jabun kaya. To, ga ma'auni a gidanka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ɗaura zare a bokiti, ka naɗe ɗaya bakin a sanda. Zuba ruwa lita 10, ka ɗaga a hankali. In zaren ya riƙe, ya ɗauki kilo 10 ke nan. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Gaiwa tana da muƙamuƙi mai ƙarfi, tana datse zare. Mai nemanta ya sa guntuwar waya siririya, kamar taƙi ɗaya, tsakanin ƙugiya da zare.

Ƙulli

Zare ya fi tsinkewa a wurin ƙulli. Zura zare a idon ƙugiya. Murɗa bakinsa sau biyar ko shida a jikin zaren. Maido da bakin ta ƴar ƙofar da ke kusa da ido. Jiƙa ƙullin da ruwa kafin ka ja shi. Busasshen lailon yana yin zafi in an ja shi, zafin kuwa yana raunana shi. Bayan kowane babban kifi, yanke tsohon ƙulli ka sake sabo.

Abin naɗe zare

A wurinmu akan naɗe zare a guntun ice, ko gwangwani, ko kwalba. Duk suna aiki, in jikinsu sumul ne. Gwangwani mai tsatsa ko mai kaifin baki yana cin zare. Faffaɗan abu ya fi siriri, don zare ba ya nannaɗewa da yawa. Kada ka taɓa naɗe zare a yatsa ko a tafin hannu. Babban kifi in ya fizga, lailon yana yanka kamar reza.

Akwai kuma keken fatsa. Wanda ya je ci-rani bakin teku, kamar Kwatano ko Legas ko Abijan, wataƙila ya gan shi. Ɗan inji ne da ake ɗaurawa a jikin sandar fatsa. Yana da kwarkwaro mai juyawa, da hannun murzawa, da birki. Iri biyu aka fi sani. Ɗaya yana rataye a ƙarƙashin sanda, kwarkwaronsa ba ya juyawa lokacin jifa. Ɗaya kuwa yana zaune a bisa sanda, kwarkwaronsa yana juyawa kamar gargaren rijiya. Wannan na biyu shi ne na aiki mai nauyi.

Kimanin shekara 200 da suka wuce masu gyaran agogo na jihar Kentaki, a Amurka, suka fara ƙera irinsa. A arewacin Amurka da Kanada akwai wani dogon kifi mai haƙora, ana ce da shi maski. An taɓa kama mai kilo 30 a jihar Wiskonsin a shekarar 1949. Wuyar kamu gare shi, har ana yi masa kirari da kifin jifa dubu goma. Ba tana ake sa masa ba. Koton ƙarya ake jefa masa, na ice ko na roba, mai siffar kifi. Wani koton nauyinsa ya kusa rabin kilo. Mutum ya yini yana jifa yana jawowa. Ƙaramin keke ba ya jure wannan aiki, haƙoransa cinyewa suke yi. Shi ya sa masu su na can suke zaɓen babban keke mai jikin ƙarfe, da zare mai ɗaukar kilo 35 zuwa 45, da waya a gaban ƙugiya.

Mu ba mu da maski. Amma muna da giwan ruwa a kogin Kwara da wasu tabkunan da aka zuba irinsa. Shi ma maci ƴan uwansa kifaye ne, kuma yana fin maski girma. Darasin ɗaya ne: a auna kayan aiki da girman kifi.

In ka ci karo da keken fatsa cikin kayan gwanjo, duba abu biyar kafin ciniki:

1. Murza hannun. Ya juya sumul, ba ƙara, ba gargada.
2. Girgiza kwarkwaro. In yana lilo da yawa, ya gaji.
3. Ɗaure birki, ka ja zare. Zaren ya fita a hankali, ba da fizga ba.
4. Duba ƴar ƙofar da zare ke bi. Ta riƙa kai da komo dama da hagu, kuma kada ta zama da zazzagon da zai ci zare.
5. Duba jikinsa. Na ƙarfe ya fi na roba ƙarko. Mai tsatsa a ciki, bar shi.

Birki shi ne ran keke. Aikinsa ya saki zare kafin zare ya tsinke. Kada a ɗaure shi tamau. A daidaita shi ya saki a wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zare. Misali, in zarenka mai kilo 15 ne, rataya bokiti mai lita 5 na ruwa. Birkin ya fara saki daidai nan.

Wajen jifa, babban yatsa yana bisa kwarkwaro. Da koto ya taɓa ruwa, sai ka danne. In ka yi sake, kwarkwaro ya ci gaba da gudu, zare ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Fara koyo a fili, da ɗan dutse maimakon ƙugiya.

Abokan gaba uku: rana, yashi, tsatsa

Rana tana cin lailon. Zaren da aka bari bisa danga ko bisa rufin ɗaki yakan yi fari, ya bushe, ya yi ta tsinkewa. A ajiye shi a inuwa, cikin tukunya ko gwangwani mai murfi. Kafin ka fita, bi gaba biyu na ƙarshen zare da yatsunka. In ka ji kaushi, yanke wurin ka yar. Zaren da ya yi shekara yana aiki, a gwada shi da bokiti kafin sabuwar damina.

Yashi shi ne ajalin keke. Ƙasarmu ta yashi ce, ga ƙurar hunturu. Kada ka ajiye keke a ƙasa a bakin ruwa. In ka komo gida, goge shi da tsumma mai ɗan laima, ka shanya a inuwa. Ɗiga man keken ɗinki, ɗigo ɗaya tak, a wuraren da ke juyawa. Haƙoran ciki kuwa ɗan giris suke so, sau ɗaya a shekara. Kada mai ya taɓa zare. Sassauta birki kafin ajiya, don kada ya danƙare. Sa'an nan ka naɗe keken a ƙyalle. In ya lalace, kada ka buge shi da dutse. Kai shi wurin mai gyaran agogo ko mai gyaran keken ɗinki. Ƙananan haƙora aikinsu ne.

Tsatsa kuwa ƙugiya take ci. Bayan su, cire sauran koto, ka wanke ƙugiya, ka bar ta ta bushe sarai. Shafa mata ɗan man gyaɗa. Manoman fadamar Jiratawa da na Tibiri, ku kiyaye: baƙin man injin ban-ruwa ba na ƙugiya ba ne, yana ɓata ruwa. Soke ƙugiyoyi a totuwar kara ko guntun soson takalmi, don kada su sarƙe. Wadda ta dakushe, a wasa ta da ɗan dutse mai laushi. Wadda ta taɓa miƙewa aka lanƙwaso ta, ta riga ta mutu. A yi duk wannan tun da rani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Lafiyar mai fatsa

Ƙugiya tana da kunne kamar kibiya. In ta shige nama har kunne, kada a fizge ta baya. A yanke zare, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta, a tafi gidan likita. In kusa da ido ne, kada a taɓa ta sam. Kada a sa ƙasa ko kashin shanu a rauni. A nemi allurar rigakafin tetanos, ciwon nan mai sarƙe haƙora. Haka ma in ƙayar tarwaɗa ta soki mutum da zurfi. A rataye ƙugiyoyi inda hannun yara ba ya kai.

Dalmar da ake ɗaura wa zare don ya nutse guba ce. Kada a matse ta da haƙori. Kada a narka ta a tukunyar abinci ko kusa da yara. A shekarar 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a jihar Zamfara. Dunƙulen gasasshen yumɓu mai huda, ko tsohon noti na ƙarfe, yana yin aikin dalma.

Mai yawan shiga kwantaccen ruwa yana iya kamuwa da tsargiya. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya hanzarta zuwa likita. Akwai ƙwayar maganinta.

A bar wa gobe rabonta

Fatsa komai kyaunta ba ta kama kifin da babu. A shekarar 1998 Nijar ta kafa dokar su. Dokar ta hana su da guba da nakiya. Ta kuma hana taru mai idon da bai kai yatsa uku ba. Gidan sauro na kwana ne, ba na su ba. A shekarar 2019 aka sa tabkin Madarunfa cikin jerin wuraren ruwa masu daraja na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Amana ce a hannunmu. Mai son yin su don sayarwa ya je wurin ma'aikatan gandun daji, ya tambayi batun takardar izini da lokacin da ake rufe ruwa. Ya kuma gai da Sarkin Ruwa na wurin, ya bi tsarinsa.

To, ɗan uwa, yau da marece ɗauko fatsarka. Gwada ƙugiya a farce. Bi zare da yatsa. Sake ƙulli. Rataya bokiti ka gani. Aikin bai kai daɗewar shan shayi ba. Ranar da babban kifi ya kama, za ka gode wa wannan marece. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a ruwanmu.