Lamba mai ƙin rabuwa

Goro 12 yana rabuwa daidai tsakanin mutum 2, ko 3, ko 4, ko 6. Amma goro 13 ba ya rabuwa daidai, sai dai mutum guda ya kwashe duka, ko mutum 13 su ɗauki ɗai-ɗai. Irin wannan lamba ana ce mata mai ƙin rabuwa. Haka 2, 3, 5, 7 da 11 suke.

Akwai manya a cikinsu. Ga wata: 2 147 483 647. Ana samunta ta hanyar ninki: 2, 4, 8, 16, 32, har a kai lamba ta 31 a jerin, sannan a cire 1.

Wannan dabara ba kullum take ci ba. Lamba ta 11 a jerin ita ce 2048. In an cire 1, saura 2047, wato 23 sau 89. Don haka dole a bincika.

A shekara ta 1772, Euler, wani masanin lissafi ɗan ƙasar Suwis, ya tabbatar 2 147 483 647 ba ta rabuwa. Ba shi da na'ura, kuma bai gwada kowace lamba ba. Ya san 46 341 sau 46 341 ya riga ya zarce ta. Ke nan, in tana rabuwa, ƙaramin mai raba ta ba zai wuce 46 340 ba. Da haka aiki ya ragu.

A 2024, kwamfuta ta gano wata ta wannan hanyar ninki, mai alƙaluma 41 024 320. Ita ma ba ita ce ta ƙarshe ba, domin lambobi masu ƙin rabuwa ba su da iyaka.