Mahautan bakin kogin Ogun, ina kuke zuba kashin tumbi?

Duk wanda ya leƙa wuraren yankan shanu da ke bakin kogin Ogun, kusa da shiga Legas, ya san abin da nake nufi. Ana yanka sa, jini ya bi lambatu ya gangara ruwa. Yaro ya ja tumbi zuwa gaɓa, ya farke, ya zazzage. Ga kashin shanu tsibi-tsibi, ana jiran ruwan sama ya kwashe. In ka yi magana a ce maka ai ruwa mai tafiya ne.

To, ina yake tafiya? Tafkin Legas yake faɗawa, inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri, inda kifi da jatan lande ke hayayyafa. Jini da kashi taki ne, a ruwa ma aikin taki suke yi. Su ke ƙosar da gansakuka da kainuwar nan mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda ta shigo ƙasar nan ta Badagiri a 1984. Kainuwa dashen Allah ce, amma wannan mu ke yi mata ban-taki. Tana rufe ruwa ruf, ta naɗe farfelar jiragen ruwan Ikorodu, ta hana masunta jefa taru. In ta mutu ta ruɓe, sai ta zuƙe iskar da kifi ke shaƙa. A Amurka ma, takin gonakin da kogin Misisifi ke kwasowa ya bar yankin teku fiye da murabba'in kilomita 22,000 babu isasshiyar iska a 2017.

Masana'antu da masan unguwanni na da nasu laifin, babu musu. Sai dai namu ya fi ba ni haushi, don dukiya muke zubarwa. A Arewa manomi har kuɗi yake biya a kai masa takin nan gona!

Sarakunan pawa, aikin naku ne. A ware fili nesa da gaɓa, a tara kashin tumbi ya bushe, a sayar wa masu lambu. Jini a tare shi a baho, a dafa, a shanya. Masu kiwon kaji da kifi na sa shi cikin abinci. Ruwan wankin kayan ciki a haƙa masa rami ya kwanta tukuna. Yaron da aka sake gani da tumbi a bakin ruwa, ubangidansa za a ci tara.