Mai Gadi Da Mai Kula Da Gida: Me Za Su Yi In Ta Ɓaci?

Duk wanda ya san Ankara da Kumasi da Takoradi ya san cewa da yawa daga cikin masu gadin manyan gidaje da kantuna da ofisoshi da makarantu mutanenmu ne na zango. Tun zamanin kakanni aikin wachiman ya ci da gidaje masu yawa a Nima da Sabon Zango da Aboabo. To amma benaye sun ƙara tsawo, kowane ɗaki da waya da tukunyar gas, shi kuwa mai gadi har yanzu abin da ake miƙa masa ranar kama aiki bai wuce tocila da sanda da tarin makullai ba. Ba a faɗa masa abin da zai yi in wuta ta tashi, ko bango ya tsage, ko 'yan fashi suka shigo. Alhali kafin 'yan kwana-kwana ko 'yan sanda su iso, shi da mai kula da gida su ne hukuma a wurin, kuma abin da suka yi a mintocin farko shi kan raba rai da ajali, da yardar Allah.

Ƙofar da ke hana ɓarawo shiga

Babbar matsalar ita ce an koya wa mai gadi rufewa, ba a koya masa buɗewa ba. Ranar 9 ga Mayu, 2001, a filin wasa na Ankara, bayan wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko ya rikice, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga neman mafita suka tarar da ƙofofi a rufe. Mutum 126 suka rasu a turmutsitsin, kuma unguwar Nima tana cikin waɗanda suka fi binne 'ya'yansu. Darasin bai tsaya ga filin ƙwallo ba. A yau ma akwai benaye da yawa da ake ɗaure ƙofar bayansu da sarƙa saboda tsoron ɓarayi, tagogi duk an yi musu ƙarfe, matakala kuma ta zama rumbun ajiye kwalaye da tsofaffin kujeru.

Saboda haka doka ta farko ita ce, muddin akwai mutane a cikin gini, kowace ƙofar fita ta zama mai buɗuwa daga ciki ba tare da neman makulli ba. In kuwa dole sai an kulle, to makullin ya kasance rataye kusa da ƙofar, kowa ya san wurinsa, ba a aljihun manajan da ya tafi gida ba. Mai gadi in ya karɓi aiki da safe ko da yamma, ya zaga ya taɓa kowace ƙofa da hannunsa, ya ga matakala babu abin da ya tare ta.

In wuta ta tashi

Aikin yana da tsari, kuma daki-daki ake binsa. Da farko a yi kururuwa, a buga ƙararrawa ko a busa usur, kowa ya ji. Kada a ce bari a gwada kashewa a ɓoye don kada maigida ya yi faɗa. Na biyu a kira 112, lambar gaggawa ta ƙasa baki ɗaya wadda aka ƙaddamar a 2020, ko 192 ta 'yan kwana-kwana. Kiran kyauta ne. Mai kira ya faɗi sunan ginin da unguwa da wata alama sananniya kamar masallaci ko gidan mai, ya faɗi hawa na nawa ke ci, da ko akwai mutane a ciki. Tun 2017 akwai adireshin GhanaPostGPS, yana da kyau a rubuta na ginin a manna a ɗakin gadi. Na uku a kashe babban makunnin lantarki, a rufe gas in za a iya kaiwa gare shi lafiya. Na huɗu a wangale babbar ƙofa, a sa a janye motocin da suka tare hanya.

Wajen fitar da mutane, ba a shiga lif, domin in lantarki ya yanke sai ya tsaya da mutum tsakanin hawa biyu. A bi matakala. Hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, kuma sama yake tashi, don haka in ya cika wuri a sunkuya ko a rarrafa. Kafin a buɗe ƙofa a taɓa ta da bayan hannu, in da zafi a bar ta. Wanda ya fito daga ɗaki ya ja ƙofa ya rufe amma kada ya kulle, wannan yana rage wa wutar iska. Tsofaffi da masu ciki da naƙasassu, tun kafin ranar a san wanda zai kama hannun kowannensu. Kuma wanda ya fita ya fita ke nan, babu komawa ɗauko waya ko fasfo.

Ita kuwa jar tukunyar kashe wuta da ke rataye a bango, ta ƙaramar wuta ce wadda ba ta wuce kwandon shara ba. A zare ƙusar da ke kanta, a saita bakin a gindin wutar, a matse, a riƙa kaɗawa dama da hagu, ƙofar fita tana bayan mutum. Abin da ke cikinta bai kai na minti guda ba, in ya ƙare wuta ba ta mutu ba, sai a fita. Kada a watsa ruwa a wutar lantarki ko ta man girki ko fetur, ruwa na ƙara musu ƙarfi ne ko ya jawo wa mai watsawa lantarki. Wutar kasko rufe ta ake yi da murfi, a kashe murhu.

Gas yana da nasa hukunci. Ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwantawa. In aka ji warinsa, kada a kunna fitila ko a kashe, kada a ƙyasta ashana, kada a ta da janareto. A rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofofi da tagogi, a fita waje sannan a yi waya. Wanda ya tuna fashewar gas ta Atomic Junction a Madina cikin Oktoba 2017 ya san ba abin wasa ba ne.

Ƙidayar mutane

Ranar 7 ga Nuwamba, 2012, benen kantin Melcom a Achimota ya rushe da safe, mutum 14 suka rasu, masu ceto suka yi kwanaki suna tono. A irin wannan hali tambayar farko da masu ceto ke yi ita ce, mutum nawa ne a ciki, kuma a wane ɓangare? Nan ne littafin shiga da fita na bakin ƙofa ke da rana. Mutane na ganin rubuta suna ɓata lokaci ne, amma shi ne zai nuna wanda bai fito ba. Kowane gini ya kamata ya sami wurin taruwa guda, fili ne nesa da bango da wayoyin lantarki. Mai gadi ya fito da littafin, a kira suna kamar yadda muke yi wa yara a aji, sannan ya tsaya a bakin ƙofa ya tarbi 'yan kwana-kwana ya faɗa musu wanda ya ɓace, da inda tukwanen gas da man janareto suke.

Shi ma gini yakan yi gargaɗi kafin ya faɗi. Tsagewar da ke ƙara faɗi a ginshiƙi, ƙofar da ta daina rufuwa haka kawai, siminti na zubowa, ko ƙara daga cikin bango, duk abin kai rahoto ne nan take. In abin ya yi tsanani a fitar da mutane tukuna, a yi bayani daga baya. Haka nan da damina, in ruwa ya fara shiga ƙasan gini a kashe lantarki kafin ya kai ga soket. Daren 3 ga Yuni, 2015, ambaliya da wuta suka haɗu a gidan man da ke Kwame Nkrumah Circle, man da ya malala a kan ruwa ya kama, aka rasa kusan mutum 150.

'Yan fashi da ɓarayi

Baba mai gadi, sanda ba ta ja da bindiga. In 'yan fashi suka ritsa ka, kada ka yi gardama, dukiya ana mayar da ita, rai ba a mayarwa. Aikinka shi ne lura: su nawa ne, wane yare suke yi, wace irin mota ko babur, ina suka nufa. Suna tafiya a kira 191 ko 112, a duba wanda ya ji rauni, a hana kowa taɓa ƙofa ko akwatin da suka fasa har 'yan sanda su zo. Jakar da aka yar ba a san mai ita ba, kada a buɗe, kada a ɗaga, a janye mutane a kira hukuma.

In kuwa an kama ɓarawo, a tsare shi a miƙa wa 'yan sanda. Duka ba aikin mai gadi ba ne, kuma ihun "ɓarawo" yakan faɗa kan marar laifi. A Mayu 2017 taron jama'a ya kashe hafsan soja Maxwell Mahama a Denkyira-Obuasi bisa zaton ɗan fashi ne, a 2024 kuma kotu ta yanke wa mutum 12 ɗaurin rai da rai.

Ga wanda ya ji rauni, jini danne shi ake yi da tsumma mai tsabta. Ƙuna a sa ta ƙarƙashin ruwan famfo kamar minti 20, ban da man goge baki ko ƙwai ko manja. Wanda lantarki ya kama, a kashe makunni kafin a taɓa shi. Motar asibiti 193 ce.

Nauyin da ke kan masu gida

Duk wannan ba zai yiwu ba in maigida bai yi nasa ba. Dokar kiyaye gobara ta 2003 ta wajabta wa masu gine-ginen da jama'a ke shiga su mallaki takardar shaida daga hukumar 'yan kwana-kwana, ana sabunta ta kowace shekara. Ban da takarda, a ba mai gadi waya mai caji da usur da akwatin magani. A rubuta tsarin a shafi guda, da Turanci da Hausa, wanda bai iya boko ba a karanta masa ko a rubuta masa da ajami. A yi gwaji aƙalla sau biyu a shekara, har da masu aikin dare, domin gobarar Kantamanto ta Janairu 2025 da dare ta tashi. Sannan a faɗa wa mai gadi ƙarara cewa ba za a kore shi ba don ya buga ƙararrawa aka zo aka ga abin bai kai ba.

Muna kira ga sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa su gayyaci 'yan kwana-kwana na yankinsu su zo su koyar da masu gadinmu, ko da bayan sallar Juma'a ne a harabar makaranta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyaye mu da gobara da sharrin dare, amin.