Nafir: Gayyar da ke ƙoƙarin ceto tarihin Khartum da Omdurman

Abin da Bahaushe ke kira gayya, mutanen Sudan nafir suke ce masa. Idan mutum zai yi gini ko girbi, maƙwabta su taru su kama masa, ba lada sai abinci da godiya. A shekarar 2013, da ambaliya ta cinye unguwanni a Khartum, matasa suka ɗauki wannan tsohon suna suka raɗa wa ƙungiyar agajinsu. Daga irin wannan al'ada, da kwamitocin unguwanni na juyin 2019, aka samu Ɗakunan Agajin Gaggawa da ke ciyar da jama'a tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu, 2023. An fi sanin 'yan sa kan Sudan da tukunyar abinci da magani. Amma akwai wani ɓangaren aikin da ba a cika jin labarinsa ba, wato tsare kayan tarihi.

Ɓarnar ba ƙarama ba ce. Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda aka buɗe a 1971 kusa da mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu, shi ke ajiye da kayan daulolin Karma da Kush da zanen bangon cocin Faras. Ya faɗa hannun RSF a farkon yaƙin, kuma da sojoji suka karɓe tsakiyar Khartum a Maris 2025, jami'an hukumar kayan tarihi sun tarar an fasa ma'ajiyoyi an kwashe zinariya da ƙananan kayayyaki. RSF ta musanta cewa ita ta yi satar. Manyan gumakan dutse sun tsira, don nauyinsu ya fi ƙarfin ɓarawo. A Gidan Adana Halittu na Jami'ar Khartum kuwa, dabbobin da ke raye ƙishirwa da yunwa suka kashe su, saboda ba mai iya kai musu ruwa.

Wadda ta fi ciwo ita ce gobarar Cibiyar Muhammad Umar Bashir a Jami'ar Ahliyya ta Omdurman, a watan Mayun 2023. Wannan jami'a ba gwamnati ta gina ta ba, jama'ar gari ne suka haɗa hannu suka kafa ta a 1986. Littattafai da takardun da aka yi shekaru ana tarawa suka ƙone. Gunkin da aka sace ana iya cin karo da shi wata rana a kasuwa ko a kan iyaka. Takardar da ta zama toka kuwa ta tafi ke nan.

A nan ne amfanin wasu ayyuka biyu da aka fara kafin yaƙi ya fito fili. Na farko shi ne Sudan Memory, wanda jami'ar King's College ta Landan ta gudanar tare da cibiyoyin Sudan. Aikin ba wani abin burgewa ba ne a ido: a ɗauki takarda ko hoto ko faifai, a kwafa a na'ura, a rubuta abin da yake da inda ya fito, a mayar wa mai shi. Iyalai da masu tara tsofaffin hotuna sun buɗe akwatunansu, kuma dubban abubuwan da aka kwafa suna intanet a yau, wasunsu ma ba a san halin da ainihinsu ke ciki ba.

Na biyu shi ne gyaran Gidan Halifa a Omdurman, gidan da Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, ya zauna har Turawan Ingila suka ci garin a yaƙin Karari a 1898, wanda aka mai da shi gidan tarihi a 1928. Daga 2018 aka sa shi cikin wani shiri tare da gidajen tarihin El Obeid da Nyala, da tallafin British Council da cibiyar ICCROM. Dabarar ita ce gidan tarihi ya zama na unguwa: masu sana'ar hannu da mata da ɗalibai su shigo, su yi taro, su taya tsara abin da za a nuna. Shi ma Gidan Halifa bai tsira daga wawaso ba. Sai dai an riga an lissafa kayansa an ɗau hotunansu, kuma wannan lissafi shi ne makamin da ake bin sawun kayan sata da shi. Tun a Satumban 2024 hukumar UNESCO ta gargaɗi 'yan kasuwar kayan tarihi da kada su sayi abin da ya fito daga Sudan, amma jami'in kwastan ba zai iya kama abin da ba shi da hoto ko lamba ba.

Gayya tana da iyakarta. Matasan da suka koma Khartum suna share tituna da makarantu, amma ba a shiga gidan tarihi da tsintsiya da kyakkyawar niyya kawai. Guntun kaskon da ke ƙasa shaida ne, sai an ɗau hotonsa a inda yake kafin a taɓa shi, ga kuma harsasai da bama-baman da ba su tashi ba. Aikin ɗan sa kai yana kyau ne idan akwai masani a gefensa, masanan Sudan kuwa da yawa suna gudun hijira a Masar da wasu ƙasashe.

Wannan tarihi ya shafi Hausawa kai tsaye. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi wa Mahadi mubaya'a. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'a zuwa gaɓar Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake har yau kusa da Sinnar. Alhazan da suka yi zango a hanyar Makka suka zauna, su ne suka cika unguwar Ishash Fallata a Khartum, kuma agashen da ake sayarwa a bakin titi daga hannunsu ya fito. Tarihin waɗannan mutane bai cika shiga gidan tarihi ba. Yana cikin gafaka da akwatin ƙarfe: wasiƙu, littattafan ajami, takardun tafiyar Hajji, hotunan aure. Iyalin da ya gudu da kayan jikinsa kawai bai ɗauke su ba, kuma ba wata hukuma da ke da lissafinsu. Wayar hannu ɗaya ta isa a kwafe abin da ya rage, muddin an rubuta sunan gida da na wanda ya rubuta takardar.

Sai kuma Dajin Sunut, kurmin bagaruwa da ke gaɓar Farin Nilu a tsakiyar birni, wanda aka keɓe wa tsuntsaye tun 1939. Shekaru da dama Ƙungiyar Kare Muhalli ta Sudan, da aka kafa a 1975, da ɗalibai suna kare shi daga masu son filin gini. Da gas da wutar lantarki suka yanke lokacin yaƙi, aka far masa da gatari don itace da gawayi. Iri ba ya wuya, bagaruwa kuma tana jure kwanciyar ruwa, amma dashen zai ɗauki shekaru kafin ya yi inuwa, alhali magidanta da dama a Khartum har yanzu da gawayi suke girki.