Cimar yaro mai amosanin jini

A gidajenmu mukan ga yaro wanda ƙannensa suka fi shi tsawo da jiki. Idanunsa sun yi ruwan ɗorawa, yakan kwana yana kukan ciwon ƙashi. Wasu su ce mayu ne, wasu su ce iskoki. Sau da yawa amosanin jini ne, wanda ake kira sikila.

Gadonsa ake yi daga uwa da uba duka biyu. Idan kowannensu yana ɗauke da irin cutar, ko da lafiyarsu lau, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da ita. Saboda haka kada a ɗora wa uwa laifi.

To, me ya haɗa wannan cuta da tukunya? Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya sukan yi kwana wajen 120 suna aiki. Na mai amosanin jini kuwa sukan lanƙwashe kamar lauje, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Dare da rana jikinsa yana ƙera sababbi. Shi ya sa ya fi ƴan'uwansa bukatar abinci, alhali ciwo yana rage masa ci. Idan yara suka taru a akushi guda, shi ake bari a baya.

Mu ware masa kwanonsa. Mu ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Tuwon hatsi da fura suna ba da ƙarfi, amma su kaɗai ba su isa ba. Wake, gujiya da ganyaye irin su zogala da alayyahu suna ɗauke da folat, sinadarin da jiki yake gina jini da shi. Ƙwai, kifi, hanta da nono suna gina tsoka. Ko garin ƙuli-ƙuli a cikin kunu taimako ne. Jinjiri kuwa, nonon uwa zalla har wata 6.

Manomi, kafin ka kai wake kasuwa, ajiye wa wannan yaro ƴan tiyoyi. Ka dasa zogala a bayan ɗaki.

Kada mu manta da ruwa mai tsabta. Ƙishirwa tana tayar da ciwon, musamman da bazara. In zai tafi lakwal ko gona, a bi shi da gorar ruwa.

Sai gargaɗi guda: kada mu saya masa ƙwayar ƙarin jini wajen masu talla. Yawancinta tana da sinadarin ƙarfe, wanda kan taru ya cuci yaron da aka sha ƙara wa jini. Likita kaɗai ke da ta cewa.

Abinci ba ya raba yaro da amosanin jini. Mu kai shi a auna jininsa. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan cuta. Amma magani ya fi kama jikin da ya ƙoshi, domin da ruwan ciki akan ja na rijiya.