Gidan tarihi zai iya zuwa har cikin aji a Tirmini

A Tirmini ne dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka gwabza da sojojin Faransa cikin watan Yuli na 1899. To amma ɗan lakwal na garin, ina zai ga kayan kakanni da idonsa? Gidan tarihi na Bubu Hama yana Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Kuɗin mota kaɗai sai ya cinye jarin mai waina.

A Landan kuwa, British Museum na koyar da ƴan makaranta ta kiran bidiyo: ma'aikaci ya nuna kayan tarihi, yara su yi tambaya daga ajinsu. Abin buƙata shi ne wuta, rezo da allon kallo.

Iyayenmu na kasuwa, mu kai maganar nan taron iyayen yara. Gani ya kori ji.