BAKIN HANYA YA ZAMA GONAR HASKE

Duk wanda ya shiga mota daga Yamai zuwa Damagaram ya san tsawon hanya. Wajen kilomita 900 ne. Dama da hagu na kwalta akwai fili da hukuma ke bari saboda gyaran hanya. Ba a gina gida cikinsa. A wasu ƙasashe, irin wannan fili ya samu sabon aiki. A cikinsa ake samo wutar lantarki, wato kuran, daga hasken rana.

Yadda abin yake

Ana kafa ƙarafa a ƙasa. A bisansu a jera alluna baƙaƙe masu ƙyalli, waɗanda mutane ke kira pano. Irinsu ne ake gani bisa rufin gidan likita, ko wurin mai cajin salula a kasuwa. In rana ta bugi allo, sai ya ba da wuta. Wutar ta bi waya ta shiga gari. Ba ya shan gazuwal, ba ya hayaƙi.

Sai dai allo yana cin wuri. Ana auna ƙarfin wuta da kilowat. Kilowat 1,000 shi ne megawat 1. Kafin a samu megawat 1, sai an shimfiɗa alluna bisa hekta 1 ko 2. In gonar gero aka ɗauka, an rage abincin wani gida. Shi ya sa masana suka juya ga bakin hanya. Filin na hukuma ne, mota na isa wurin da sauƙi, kuma sau da yawa wayar lantarki tana bin gefen hanyar.

Inda aka gwada aka ci riba

Ƙasar Suwis ce ta fara, a shekarar 1989. Can ana gina katanga gefen manyan hanyoyi don ƙarar motoci kada ta dami mutane. Sai aka ɗora alluna bisa katangar, kusa da garin Kur. Katanga guda ta yi aiki biyu.

A Amurka, jahar Oregon ta yi nata a 2008. An kafa alluna 594 a mahaɗar wasu manyan hanyoyi biyu. Ƙarfinsu kilowat 104. Da rana wutar tana shiga wayar kamfani. Da dare kamfani ya maido ta a kunna fitilun hanya. Wajen kashi ɗaya cikin uku na wutar fitilun wurin, rana ce ke biya.

Ƙasar Jamus kuwa doka ta yi. Tun 2023, hukuma na tallafa wa alluna da aka kafa cikin mita 500 daga gefen babbar hanya ko hanyar jirgin ƙasa. A wurare da yawa can, tumaki ke kiwo ƙarƙashin allunan. Suna cin ciyawa, suna shan inuwa. Mai alluna ya huta da yankan ciyawa, makiyayi ya samu makiyaya.

Inda aka gwada aka faɗi

Ba kowane gwaji ne ya yi kyau ba. A watan Disamba na 2016, Faransa ta buɗe wata hanya a garin Turubur, cikin yankin Normandi. Su ba gefe suka sa allunan ba. Bisa kwaltar kanta suka manna su, tsawon kilomita 1, motoci na bi ta kai. Aikin ya ci miliyan 5 na kuɗin Turai, fiye da miliyar 3 na sefa.

Ba a daɗe ba allunan suka fara tsagewa. Manyan motoci da motocin noma sun yi musu nauyi. Ganyen itatuwa ya ruɓe a kansu ya tare rana. Ƙarar hanyar ta dami mutanen gari har aka rage gudun motoci. Wutar da aka samu ba ta kai abin da aka yi fata ba. Daga baya aka ciccire su. Darasi ya fito fili: hanya ta mota ce, allo kuwa gefe ne wurinsa.

Rana a Nijar

Nijar ba baƙuwar wannan ilimi ba ce. Malam Abdu Mumuni Jofo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ma'aikatar binciken ƙarfin rana tun 1969. A 2018 aka buɗe tashar Malbaza, cikin jahar Tawa, mai megawat 7. A 2023 tashar Goru Banda, kusa da Yamai, ta fara aiki da megawat 30.

Bukata kuma babba ce. Wajen mutum 1 cikin 5 ne ke da wuta a gida, kuma yawancinsu a birni suke. A watan Agusta na 2023, da Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, birane sun sha duhu wata da watanni. Kowa ya gane amfanin wutar gida. Da ita ake jawo ruwan rijiya a yi noman rani, a niƙa hatsi, a sanyaya allurar rigakafi ta yara da ta bisashe.

Bakin hanya yana da masu shi

A nan ne manomi da makiyayi ya kamata su buɗe ido. Filin bakin hanya a Nijar ba kango ba ne. Da damina, in gonaki sun rufe ko'ina, nan dabbobi ke bi. A wasu wurare burtali ne ke ratsa kwalta zuwa tabki ko rijiya. Nan amalanke ke bi zuwa kasuwa. Nan mata ke kasa kayan sayarwa. In aka kewaye dogon fili da waya babu ƙofa, garke zai faɗa gona ko ya hau kwalta. Faɗa ko haɗari ke nan.

Doka ba ta yi shiru ba. Kundin dokokin karkara na 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun kare burtali da mashaya. Akwai kwamitocin filaye, wato kofo, tun daga ƙauye har zuwa sama. In wata rana aka zo da aikin alluna bakin hanya, a gaban kofo da mai gari za a fara magana. A tambayi abu huɗu. Ina dabbobi za su ratsa? Za a ɗaga ƙarafa yadda tumaki za su shiga ƙarƙashi? Wa zai riƙa share ƙurar hunturu daga allunan, tunda ƙura na rage wuta? Garin da ya ba da wuri zai samu rabonsa na haske?

A rubuta amsoshin a takarda, kowa ya sa hannu kafin a kafa ƙarfen farko. Tun ran gini, tun ran zane.